Wata bakwai ina zuƙar wata 'yar roba safe da yamma: ga abin da na gani

Ranar da maigidana ya shigo da ita a cikin baƙar leda sai da na yi dariya. Wata 'yar roba ce mai haske, kamar babban sirinji, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. A cikinta akwai sifirin, a jikinta an jera lambobi daga 9 zuwa 41, sai abin sawa a baki da wani ɗan matsi da ake toshe hanci da shi. Babu batir, babu waya, babu ko ƙwayar magani a ciki. Ta horar da tsokar numfashi ce, likita ya ce in saya saboda tawa ta yi rauni. Na ce, "Abban Ummi, wannan ce aka yi sati uku ana jira daga Legas?" Ya ce ita ce, kuma kada in tambayi kuɗinta. Na tambaya mana. Ta kusa cin kuɗin rabin buhun shinkafa.

Yau watana bakwai da ita. Makon jiya wata baiwar Allah da muke haɗuwa a layin ganin likita ta tambaye ni ko ta saya wa ƙaninta, na buɗe baki ke nan aka kira lambata. Amsar ba ta tsaye ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ni malamar firamare ce a nan cikin gari, wajen Gwale, shekaruna 39, 'ya'yana uku. Abin ya faro bayan haihuwata ta ƙarshe. Tashi daga tabarma sai na dafa gwiwa, sannan in dafa bango. Tasowa daga sujada ta zama aiki. Shiga adaidaita sahu sai na kama ƙarfe na jawo jikina da hannu, direba yana waiwayowa yana cewa, "Hajiya a yi haƙuri a hanzarta." A gida aka ce ruwan jego ne bai ratsa ni ba. Daga nan aka ce sanyi ne, aka ce shawara ce. Maganin taifod kuwa na sha shi sau uku. Da numfashi ya shigo cikin lamarin, wani asibiti ya ba ni inhela, na shekara biyu ina fesawa a kan asmar da ba ni da ita. Ba na iya kwanciya rigingine, sai na jera filo uku. Kullum in tashi da asuba kaina kamar an ɗora dutse, da hantsi kuma in kama gyangyaɗi a gaban 'yan aji huɗu.

Wani likitan jijiyoyi ne ya fara sa ni in tsuguna in tashi a gabansa, ya kalli yadda nake hawa jikina da hannu. Ya sa aka auna wani sinadarin tsoka a jini da ake kira CK, aka ga ya hau. Sannan aka ɗiga jinina a kan wata 'yar takarda, ta bushe, aka aika ƙasar waje. Bayan kusan wata biyu sakamako ya dawo da sunan da ban taɓa ji ba: cutar Pompe.

Sunan wani likita ne ɗan ƙasar Holand da ya fara bayyana ta a 1932, bayan ya binciki gawar wata jaririya 'yar wata bakwai da zuciyarta ta kumbura. Jiki yana ajiye sukari a tsoka, akwai kuma wani sinadari da aikinsa shi ne narka wannan ajiyar. Mai cutar Pompe, sinadarin nan ya yi masa ƙaranci, sai ajiyar ta riƙa taruwa tana lalata tsoka sannu a hankali. A jarirai takan kama zuciya da wuri. A manya irina ta fi cin tsokar ƙugu da cinya da baya, sai kuma tsokar numfashi. Gadonta ake yi, kuma lissafin ɗaya ne da na sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Iyayena 'yan wa da ƙani ne, auren zumunci, wanda ke ƙara yiwuwar haɗuwar. Umma ta yi kuka da ta ji haka, sai da na yi ta ba ta baki. Adadin da aka daɗe ana ambata shi ne mutum ɗaya cikin 40,000. Maganinta na asali, wato ƙarin sinadarin nan ta ruwa a jijiya duk bayan sati biyu har ƙarshen rayuwa, ya samu amincewa a Amurka da Turai tun 2006. Kuɗinsa na babban mutum a shekara dubban ɗaruruwan daloli ne. Da likita ya faɗa mana, ni da maigida muka kalli juna, ba wanda ya ce uffan.

To ina maganar roba ta shigo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai fiɗar ragon layya ya ga wani faffaɗan jan nama da ya raba huhu da kayan ciki. Shi ne babbar tsokar numfashi, likitoci suna ce masa dayafiram. Idan ya ja ƙasa, iska ta shiga. Likitan fisiyon da aka tura ni wurinsa, wato mai gyaran tsoka ta hanyar motsa jiki, ya kwatanta min da maƙera: gawayi lafiya, murhu lafiya, zugazugin ne ya yi sanyi. Shi ya sa inhela ba ta yi min komai ba, don ita hanyar iska take buɗewa, ni kuwa hanyata a buɗe take. Shi ne kuma dalilin da ba na iya kwanciya rigingine: a zaune, nauyin kayan ciki yana taimakawa ya ja ƙasa, da na kwanta sai su tura sama su danne huhu, tsokar kuma ba ta da ƙarfin mayar da su. Ciwon kan asuba kuwa gurɓatacciyar iska ce da ba ta gama fita ba cikin barci.

Kafin ya ce in sayi komai sai da ya auna ni, kuma wannan awon, in za a bi ta tawa, ya fi robar daraja. Ya toshe min hanci, ya sa min wani ɗan mita a baki, ya ce in fitar da iska duka sannan in ja da iyakar ƙarfina kamar mai zuƙar fura mai kauri ta siririn tsinken shan lemo. Sau biyar muka yi, ya ɗauki mafi girma: 40. Ma'aunin santimita na ruwa ne, wato tsawon da ƙarfin zuƙarka zai iya ɗaga ruwa a cikin bututu. Ya ce wanda ya kai 80 ba a maganar rauni a kansa. Sannan ya sa na busa wata na'ura a zaune, na sake busawa a kwance. Mai lafiya, abin da yake raguwa ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Idan ya haura kashi 25 alama ce dayafiram ya yi rauni. Nawa ya kusa kashi ɗaya cikin uku. A ƙarshe ya ce in cika ƙirji in ƙirga da baki a numfashi ɗaya. Na kai 14, murya ta ɗauke.

Ya rubuta mana sunan abin a takarda. A nan muka yi asarar farko. Maigida ya je wani shagon kayan asibiti, yaron shago ya duba takardar ya ce, "Akwai, Alhaji," ya miƙo masa wata mai ƙwallaye uku masu launi a cikin bututu, irin wadda ake bai wa waɗanda aka yi wa tiyata. Na yi kwana goma ina zuƙa ina murna ƙwallo biyu suna tashi. Da na kai wa likita sai ya girgiza kai. Ya ce, "Malama, wannan tana tuna miki ne ki yi dogon numfashi, amma ba ta ɗora wa tsoka kaya. Kamar mai son ƙarfin damtse ne yana ɗaga leda fanko." Don haka duk mai nema ya kula: wadda ake so ita ce mai sifirin da ake murɗawa a ƙara mata tauri. Akwai sanannun iri na Turai da Amurka, kamar POWERbreathe da Threshold. Tawa ba ɗaya daga cikinsu ba ce, kwaikwayo ce da ko sunan kirki babu a kwalinta, ita aljihunmu ya iya.

Yadda take aiki babu wuya. A ciki akwai ɗan bawul da sifirin ya danne. Idan ka ja iska da ƙarfin da bai kai lambar da aka saita ba, ba ya buɗewa, ko ɗis ba za ka samu ba. Sai ka kai lambar zai ɗaga, ka ji wani "fuuu" iska ta shigo. Fitar da numfashi kuwa kyauta ne. Likita ya saita min a 12, wato kashi 30 cikin ɗari na 40 ɗin nan. Na raina lambar. Zuƙa ta shida na ji wuyana ya ɗaure, kafaɗuna sun hau kunne, idona ya kawo ruwa. Ya dafa kafaɗata ya ce da wuya nake ja, ba da ciki ba. Ya sa na ɗora hannu a ƙasan haƙarƙari, in ji yana buɗewa. Sai da muka yi zama uku kafin in gane abin da yake nufi, kuma har gobe idan na gaji wuyan ne yake karɓar aikin.

Tsarina zuƙa 30 da safe, 30 da yamma, kwana biyar a mako. Ba a jere nake yin talatin ɗin ba, shida-shida nake yi, in huta minti ɗaya a tsakani. Duka bai fi minti goma ba. Ta safe bayan sallar asuba, kafin in sa komai a ciki. Ta yamma bayan la'asar. Na taɓa gwadawa bayan na ci tuwo, ban sake ba. A zaune nake yi a kujera mai majingina, ƙafa a ƙasa. Da carbi nake ƙirgawa, don idan hanci ya toshe baki ya cika, lissafi guduwa yake yi. Da azumi na mayar da ta yamman bayan tarawihi, saboda da la'asar babu abin da ya rage a jikina.

Surukata ta zo ta same ni wata rana a tsakar gida da matsi a hanci, ina ta fuuu, fuuu. Ta tsaya da butarta a hannu ta daɗe tana kallo.

"Maman Ummi, me ake zubawa a ciki?"

Na zare na ce, "Ba a zuba komai, Hajiya. Iska ce kawai."

"Iskar da Allah ya ba mu kyauta ita kuka saya?"

"Wahalar shaƙarta muka saya, Hajiya. Ku gwada ku ji."

Ta ce Allah ya kiyaye. Gara da ta ƙi, don daga baya likita ya gargaɗe ni kada in bari wani ya sa ta a baki. Amma tun ranar ita ce take tambayar ko na yi "zuƙar" yau.

Abin da ya canza: a wata na uku aka sake awo, 40 ta koma 47. A na shida ta kai 52. Saitin robar ya tashi daga 12 a hankali, yanzu ina kan 21. Ƙirgar numfashi ɗaya ta tashi daga 14 zuwa 20, wata ranar 22. A aji na fi ganin amfaninta. Da, idan ina karanta wa yara jimla mai ɗan tsawo sai na yanke ta gida uku, na baya su ce, "Malama ba ma ji." Yanzu ina kai jimla ƙarshe, kuma ina iya tsawatar wa mai surutu ba tare da na zauna na huta ba. Karatun salla ma ya daina yanke min a tsakiyar aya kamar da. Wanda bai taɓa rasa wannan ba zai ga ƙaramin abu ne.

Abin da bai canza ba ya fi yawa. Har yanzu da filo uku nake kwana. Awon kwance da zaune yana nan inda yake, bai motsa ba. Ƙafafuna ba ruwansu da robar. Bana ma na koma yin wasu salloli a kujera. Ciwon kan asuba bai tafi ba sai da muka samu na'urar BiPAP ta hannu, wadda take tura min iska ta abin rufe hanci idan ina barci, da gudummawar 'yan uwa da batirin sola saboda halin wutar garin nan. Wannan ita ta dawo min da barci, ba roba ba. Ina nanata haka ne don na ji wani mai talla yana cewa irin robar nan tana hana mutum buƙatar na'urar dare. Ƙarya yake yi, kuma ƙarya mai haɗari, don gazawar numfashi ita ce ta fi kashe manya masu wannan cuta.

Likitan nawa ma bai yi min romon baka ba. Ya ce wani ɓangare na ƙarin lambar nan gwanancewa ce: wanda ya yi wata shida yana zuƙa dole ya fi iya cin jarrabawar zuƙa. Ya ce binciken da aka yi a kan masu Pompe duk ƙanana ne, saboda masu cutar kaɗan ne. Wasu sun nuna ƙarfin zuƙa yana ƙaruwa kuma horon bai cutar da kowa ba. Amma wani da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka, aka wallafa a 2020, inda aka kwatanta masu horo na gaske da masu horon da ba shi da nauyi, bai nuna tabbataccen bambanci a ƙarfin zuƙar ba. Na ce to don me nake wahala? Ya ce, "Don ke taki tana hawa, kuma ba ta cutar da ke. Ranar da awo ya nuna akasin haka, ni zan fara cewa ki ajiye." Na fi yarda da mutum irin wannan.

Ita kanta robar tana da nata halin. Arha ba ta ado. Lambobin jikinta sun fara gogewa tun wata na biyu, sai da Ummi ta zana min alama da jan farce. Matsin hancin kamar an yi shi don horon ɓarawo, ya bar min shaida har ana tambaya a makaranta. Yanzu da yatsu nake toshewa. Da likita ya gwada ta da mitarsa ya ga lambar da take nunawa ba ita ce daidai ba, ta yi ƙasa da ta gaskiya da maki biyu ko uku, don haka saitina na gaskiya a littafinsa yake. Yawu kuma yana taruwa a ciki, idan ya bushe bawul ɗin ya manne, sai ka ja ka ja ya ƙi, can ya ɓalle da ƙara. Maganinsa wanki: ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a ɗauraye, a girgiza, a bari ta bushe da kanta. Ruwan zafi sosai yana lanƙwasa ta. Da hunturu na shanya ta a kan taga, na dawo na tarar ƙura ta shige har cikin sifirin. Tun daga nan a cikin kwanon samira mai murfi take kwana, na shimfiɗa mata tsumma mai tsabta.

Hunturun nan ne kuma ya koya min abu na biyu. Mura ta kama ni, ta sauka ƙirji, likita ya ce in dakata har in warke. Sati uku ban taɓa ta ba. Da na dawo, 18 ɗin da nake yi cikin sauƙi ta gagare ni, sai da na sauka 15 na sake hawa. Ƙarfin nan haya ne, ka daina biya a tashe ka. A murar ne kuma na gane robar tawa ba ta taɓa tari ba ko kaɗan, don tsokar shaƙa kawai take horarwa, ta fitarwa tana da nata abin daban. Majina ta tsaya min a ƙirji na kasa turo ta. Abin da ya cece ni shi ne dabarar da likitan ya koya wa maigida: in cika ƙirji, shi kuma ya ɗora tafukan hannu a saman cikina, ya danna ciki da sama daidai lokacin da zan yi tarin. Wannan ko sisi ba mu biya ba.

Ba kowa ya kamata ya yi ta ba. Wanda huhunsa ya taɓa fashewa iska ta taru a ƙirji, da mai hujin dodon kunne, da mai asmar da ke yawan tashi, duk an hana su. Idan jiri ya ɗebe ka, ko ƙirji ya yi ciwo, ko ka wuni numfashinka ya fi na jiya wahala, nauyin ya yi yawa. Sau ɗaya na yi gaban kaina na murɗa ta zuwa 26 don in burge likita. Washegari ko kiran yara cin abinci sai da na aika Ummi. Tsokar mai wannan cuta ba ta farfaɗowa daga gajiya kamar ta mai lafiya.

To ga amsata ga baiwar Allahn nan ta layi. Idan kuɗin guda ne, ki kai ƙanin naki a auna shi tukuna, zaune da kwance, a kuma tambaye shi barcinsa da ciwon kan asuba, don mai yiwuwa na'urar dare yake buƙata kafin komai. Idan an auna an ce ya dace, ki saya, amma ki nuna wa likitan hotonta kafin ki biya, kuma in da hali ki ƙara kuɗi ki ɗauki ta asali. Ni da zan sake, haka zan yi. Sannan ki tabbatar akwai wanda zai riƙa sake awon duk wata biyu ko uku yana matsar da saiti, don ba tare da shi ba roba ce kawai kika ajiye a samira.

Awona na gaba farkon wata mai kamawa ne. Zan tafi da autanmu, ɗan shekara 27, wanda na gani ranar suna a gidan yayarmu ya dafa gwiwa da hannu biyu kafin ya tashi daga tabarma. Ya ce ƙwallo ya buga jiya. Na ce ya shirya duk da haka, ƙarfe bakwai zan biyo masa da adaidaita.